Ƙarfin Juyin Fanka: Inda Kwamfuta da Ma'auni Ke Saɓawa

Kafin a yanka ƙarfen fankar masana'anta, irin wadda ke zuƙe hayaƙi daga ɗakin girkin otal, akan gwada ta a kwamfuta. Manhajoji irin su ANSYS Fluent da OpenFOAM sukan rarraba sararin da ke kewaye da fuka-fukan zuwa miliyoyin ƙananan gurabe, wato raga, su warware lissafin Navier da Stokes a cikinsu. Daga cikin alƙaluman da ke fitowa akwai ƙarfin juyi, wato murɗawar da sandar fanka ke buƙata don ta tura fuka-fukai cikin iska. Da niyutan-mita ake auna shi.

Wannan alƙalami ne ke nuna girman injin da za a saya. Fankar da ke buƙatar niyutan-mita 10 a juyi 1,450 cikin minti ɗaya tana cin wat 1,518 a sandarta. Shi ne kuma ƙasan lissafin inganci. Idan kwamfuta ta rage kashi 5 cikin 100 na ƙarfin juyi, fankar da ingancinta na gaskiya kashi 70 ne za ta bayyana da 73.7 a takarda. Mai talla zai yi murna, mai biyan kuɗin wuta kuwa zai ji a jikinsa.

Idan sakamakon kwamfuta ya saɓa da na ɗakin gwaji, laifin kan faɗa kan manhaja nan take. A ganina ana gaggawa, domin akwai giɓi uku da lissafin makaranta kaɗai ke bayyana su.

Na farko gudu ne. Injin lantarki mai ƙusurwar maganaɗisu huɗu a wutar hats 50, irin ta Najeriya da Nijar, gudunsa a ƙa'ida juyi 1,500 ne a minti. Da an ɗora masa kaya sai ya sauko wajen 1,450. Ƙarfin juyi yana tafiya da gudu sau gudu, saboda haka wanda ya saka 1,500 a kwamfuta ya ƙara kashi 7 cikin 100 da hannunsa. A wutar da fanka ke ci ƙarin ya kusa kashi 11.

Sai nauyin iska. Teburan masu ƙira suna ɗaukar kilogiram 1.2 a kowace mita kubik, wato iskar bakin teku a digiri 20. Kano tana kusan mita 500 sama da teku, kuma a watan Afrilu zafi kan kai digiri 40. A irin wannan rana nauyin iskar bai wuce 1.07 ba, ƙasa da na tebur da kusan kashi 11, ƙarfin juyi kuma yana sauka daidai da shi. Shi ya sa ƙa'idojin gwajin fanka, ISO 5801 da AMCA 210, suke buƙatar a auna zafi da matsin iska a lokacin gwaji, a gyara sakamakon da su.

Na uku ya fi yawan ruɗa mutane. Kwamfuta tana lissafa abin da iska ke yi wa fuka-fukai ne kawai, ba ta san asarar kwayil ko gogayyar boris ko santsin bel ba. Injin kilowat 1.5 mai darajar IE3 ingancinsa wajen kashi 85 ne. Wanda ya karanta wat 1,780 a mitar wuta ya raba da gudu zai samu niyutan-mita 11.7, ya ce manhaja ta gaza da kashi 15, alhali 10 ɗin da ta bayar daidai ne.

Bayan an share waɗannan ne ake isa ga kuskuren kwaikwayon kansa. Hargitsin iska ba a warware shi kai tsaye a aikin yau da kullum, ƙiyasta shi ake yi da tsare-tsare irin wanda Launder da Spalding suka fitar a 1974, ko na Menter na 1994 da aka fi so a injinan juyi. Inda fanka ke aiki a madaidaicin gudun iskar da aka ƙera ta dominsa, ƙiyasin yakan yi kyau. Da an toshe mata hanya, iska ta fara rabuwa da bayan fiffike, sai alƙaluman su fara yawo. Nan ne dabarar daskarar da fanka wuri ɗaya don a rage lokacin lissafi ke gazawa, dole a bar ragar ta juya da fuka-fukan, aikin kwamfuta kuma ya ninninka.

Ga kuma 'yar ratar da ke tsakanin bakin fiffike da bango. Wasu sukan cire ta daga zane don raga ta yi sauƙi, amma iskar da ke zurarewa ta nan tana canza matsin da ke kan fiffiken, kuma daga matsi ne mafi yawan ƙarfin juyi ke fitowa.

Akwai gwajin da bai buƙatar ɗakin awo. Lissafin Euler na ƙarni na 18 ya nuna cewa ƙarfin juyi daidai yake da canjin juyawar da iska ta samu tsakanin gaba da bayan fuka-fukai. A lissafa shi ta nan, a kuma lissafa daga fuskar fuka-fukan. Idan biyun ba su haɗu ba, a fara duba ko lissafin ya daidaita, sannan a ƙara wa ragar gurabe a sake, har sai ƙarfin juyin ya daina motsi.