Liƙin Azurfa a Batirin Gas: Ina Ƙarkonsa Yake?

Akwai wata na'ura da ake kira SOFC, wadda ke mayar da iskar gas ko haidirojin wutar lantarki ba tare da harshen wuta ba. Zuciyarta wani siririn fallen tangaran ne na zirkoniya, wanda ake jerawa tsakanin faranta na ƙarfe, ana aiki da shi a zafin digiri 700 zuwa 800 na Salshiyas. Gas na bi ta fuska ɗaya, iska ta ɗaya fuskar, kuma ba a yarda su gamu ba. Saboda haka rayuwar na'urar gaba ɗaya ta rataya ne a kan ɗan layin da ya haɗa tangaran da ƙarfe. A ganina, ƙarfin wannan mahaɗi ranar da aka yi shi ba ya nuna komai. Abin dubawa shi ne yadda zai kasance bayan an kunna an kashe sau ɗaruruwa.

Ƙarfe ya fi tangaran buɗewa idan ya ji zafi. A tsawon santimita 10, bambancin bai wuce kaurin silin gashi ba, amma tangaran bai san lanƙwasa ba, tsagewa kawai ya sani. Wannan ne ya sa masu bincike a cibiyar PNNL ta Amurka suka fito da dabarar liƙi da azurfa a farkon shekarun 2000. Azurfa na narkewa a digiri 962, sai dai ita kaɗai dunƙulewa take yi a kan tangaran kamar ruwa a ganyen gwaza. Idan aka gauraya ta da ɗan tsatsar tagulla, sai ta baje ta kama, a cikin iska ma, ba sai an nemi tanderu na musamman ba. Taushinta kuwa shi ke shanye jan da ƙarfe ke yi.

Masu suka na cewa liƙi da gilashi ya fi araha, ba ya ɗaukar lantarki, kuma an gwada shi: a cibiyar Yulish ta Jamus, wata na'ura mai liƙin gilashi ta yi aiki fiye da shekara 10 daga 2007. Gaskiya ne. Suna kuma da hujja mafi nauyi. Haidirojin da oksijin duk suna ratsa azurfa, su haɗu a cikinta su zama tururi, ya bar ƙananan ramuka da ke raunana liƙin sannu a hankali. Tagullar ma tana cin fuskar ƙarfen, ta haifar da ɓawo mai saurin ɓamɓarewa.

Sai dai na'urar Jamus ta shafe shekarunta ne a zafi ɗaya, kusan ba a taɓa barinta ta huce ba. Wadda za a sa a babbar mota kullum sai ta yi zafi ta huce, kuma a nan ne gilashi ke tsagewa. Ɓawon kuma ana rage shi ta hanyar shafa wa ƙarfen alminiyam kafin liƙi. Ramukan tururin ne suka rage, kuma gwajin da zai auna su dole ya haɗa gas, iska da yawan kashewa a lokaci guda.