Yanar Ido: A Yi Aiki Ko A Haƙura?

A ƙauyukanmu na Jazira da Nilu Shuɗi, daga Mai Wurno har Damazin, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da tsohon da jika yake jan sandarsa ba. In ka tambaya sai a ce tsufa ne. Sau da yawa yanar ido ce, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke kira moya beda, kuma tana da magani.

Cikin ƙwayar ido akwai wani ɗan gilashi da Allah ya halitta garau. Shekaru ko ciwon sukari ko bugu kan sa ya dusashe. Kwalli ba ya wanke shi, ɗigo ba ya narkar da shi. Likita kan kashe zafin idon, ya cire wanda ya lalace, ya sa na roba a madadinsa, galibi cikin ƙasa da rabin awa, mutum yana farke. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya fara dasa irin wannan gilashi a 1949. Kafin ya yaɗu, wanda aka yi wa aiki sai ya ƙare da tabarau masu kauri kamar gindin kwalba, waɗanda duk mun gani a fuskokin kakanninmu.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu yawo suna soka tsinke a ido su tura yanar ciki. Mutum zai ga haske ranar, a yi ta murna, bayan 'yan watanni idon ya rikice ya mutu. Mun ga haka a danginmu.

Dattawa kan ce a bari yana ta nuna tukuna. Wannan tsohon zance ne. Idan Malam ya kasa karanta Alƙur'aninsa, ko manomi ya daina gane iyakar hawasharsa, lokaci ya yi. Amma a fara gwaji, domin moya zarga, wato hawan jinin ido, cuta ce dabam, abin da ta cinye ba ya dawowa. Mai sukari kuma sai ya daidaita shi kafin a taɓa shi.

Gidauniyar Al-Basar, wadda ta kafa asibitocin Makka a Khartoum da Kano, ta sha kai sansanin aikin ido garuruwa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023, da faɗuwar Wad Madani daga Disamba 2023 zuwa Janairu 2025, sun sa da yawa sun jinkirta. Yanar da ta daɗe ƙwarai kuwa tana iya tada hawan jinin ido.

Ido ɗaya ake fara yi. Bayan aiki a kiyaye ƙura da hayaƙin murhu da ruwan kanal, don haka ba lokacin sussukar dawa ya kamata a zaɓa ba. A tambayi likita ranar da za a koma sujada. Kafin nan ana yin salla da nuni. Mai karatu kuma ya tanadi kuɗin ƙaramin tabarau, domin gilashin da aka fi dasawa na ganin nesa ne.