Darasin Kemistiri da Ke Ƙofar Gida a Kano ta Kudu

Ɗalibin kemistiri a Jami'ar Bayero ko ta Aliko Dangote da ke Wudil ba ya tsallake darasin sinadaran rukunin "p", wato layuka shida na hannun dama a jadawalin sinadarai, daga na 13 zuwa na 18. Da yawa hadda suke yi, su juye a takardar jarrabawa, su manta. Abin da takaici, musamman ga ɗan Kano ta Kudu da ya tashi cikin waɗannan sinadarai.

Kuzar da aka daɗe ana haƙa a Riruwai, ƙaramar hukumar Doguwa, tana layi na 14 tare da dalma. Baƙin yashin nan mai nauyi da ke kwantawa a gindin kwano bayan an wanke ƙasa, kuza ce haɗe da oksijin. Da ita ake shafe gwangwanin abinci don kada ya yi tsatsa. Dalma kuwa guba ce. Ita ta hallaka yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010, inda aka riƙa niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a tsakar gida.

Amma a ganina layi na 15, na naitirojin da fosfaras, ya fi shafar talaka. Kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ne, sai dai masara ba ta iya amfana da shi a haka, shi ya sa manomin Tudun Wada ke sayen yuriya da tsada. Lambar 46 da ke jikin buhun, kason naitirojin ɗin ciki take nufi. Idan aka watsa takin a saman ƙasa aka tafi, wani kaso yakan rikiɗe ya zama iskar amoniya ya tsere. Masu noman rani da ruwan Tiga ma haka suke asara in ba su binne shi ba.

Sai ƙwayar da ake jefawa cikin buhunan masara saboda ƙwari. Alminiyam ne da fosfaras, kuma da ta ji danshi sai ta saki iskar fosfin mai kisa. Ƙwaro da mutum duk ɗaya ne a wurinta.

Don haka ɗalibai 'yan Kiru da Bebeji, in kun je hutu ku faɗa wa iyayenku: kada a ajiye buhun da aka sa wa ƙwaya a ɗakin kwana.