Masu Sa Ido na Ƙasashen Waje da Zaɓenmu: Bayani ga Al'ummar Masarautar Zuru

A duk lokacin babban zaɓe jama'a kan tambaye mu ko baƙin da ke zuwa sa ido suna da ikon soke sakamako. Amsar ita ce a'a. Su shaidu ne kawai. Hukumar zaɓe mai zaman kanta, INEC, ita ke tantance su ta ba su katin shaida, kuma ba a yarda su taɓa ƙuri'a ko su ba ma'aikaci umarni ba. Soke zaɓe hurumin hukuma ne da kotu.

Lokacin da Janar Abdulsalami Abubakar ya shirya miƙa mulki ga farar hula, tawagogin Tarayyar Turai, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila da Cibiyar Carter sun shaida zaɓen shugaban ƙasa na 27 ga Fabrairu, 1999. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda ya zo da kansa, ya bayyana damuwa cewa a wasu jihohi ƙuri'un da aka sanar sun zarce masu zaɓen da aka gani a layi. Duk da haka an rantsar da Cif Olusegun Obasanjo ranar 29 ga Mayu.

To ina amfanin rahoton da ba ya sauya sakamako? Zaɓen 2007 ya ba da amsa. Tawagar Tarayyar Turai ta ce zaɓen ya gaza cika ƙa'idojin duniya, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa cewa akwai kurakurai, sannan ya kafa kwamitin gyara ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Ɗaya daga cikin mambobinsa, Farfesa Attahiru Jega, ɗan Jihar Kebbi, ya zama shugaban INEC a 2010, kuma a zamaninsa aka shigo da na'urar tantance katin zaɓe a 2015.

Sai dai baƙin nan 'yan ƙalilan ne, rumfunan zaɓe kuwa dubbai. Da wuya su kai kowane lungu na ƙananan hukumomin Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu. Abin da ya faru a Mahuta, Dirin Daji ko Bena, mutanen wurin ne shaidunsa na farko: wakilan jam'iyyu, masu sa ido na cikin gida da masu zaɓe.

Don haka muna kira ga jama'a da su karɓi masu sa ido da mutunci, su faɗa musu gaskiyar abin da suka gani, kada su ɗora musu nauyin da ba nasu ba. Bayan jefa ƙuri'a a tsaya cikin lumana har a ƙirga a bainar jama'a, wakilai su sa hannu su karɓi kwafin takardar sakamako. Wannan takarda ce hujjar da kotu za ta duba.