Bugun "dum-dum" da hucin iska a cikin kunne: me ke kawo su, kuma yaushe ya kamata a ga likita?

Da rana ba ka lura da shi. Hayaniyar kasuwa, hon ɗin motoci da ƙarar janareto sun rufe komai. Sai dare ya yi, ka kwanta, ka ɗora kunne a kan filo, sannan ka fara jin "dum, dum, dum" kamar ana daka a can nesa, ko "fuu, fuu" kamar ana hura wuta. Ka tashi ka duba waje, ba kowa. Ashe daga cikin kunnenka ne.

Wani zai ce ana ambatonka ne a gida, wani ya ce iska ce ko sammu. Addu'a kam ba a barin ta. Amma wannan ƙara tana da dalilan da likitoci suka sani, kuma da yawansu ana magance su in an gano da wuri.

Abu na farko, ka gane wace irin ƙara ce. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka inda jijiya ke harbawa, ka saurara. In bugun kunnen yana tafiya daidai da bugun zuciyarka, to jinin jikinka ne kake ji yana wucewa. Manyan jijiyoyin da ke kai jini kai da masu dawo da shi suna bi ta dab da kunne. In jini na tafiya salin-alin, ba ka jin sa. In ya ƙara gudu, ko hanyarsa ta matse, sai ya riƙa ƙara, kamar yadda ruwa ke huci in ka danne bakin tiyo.

Me ke sa jinin ya yi haka? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne hawan jini. Yawancin masu shi ba su san suna da shi ba, don ba ya zuwa da ciwo. In an auna ka sau da dama ana samun 140/90 ko sama da haka, ka shiga sahun masu buƙatar kulawa. Sai ƙarancin jini: idan jini ya yi ƙasa, zuciya na ƙara aiki don ta isar da shi ko'ina, sai gudunsa ya fito a kunne. Zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, wanda a nan kudu damina mai tsawo ke ƙara masa ƙarfi, tsutsar ciki, zubar jinin al'ada mai yawa da haihuwa duk suna rage jini. Mai juna biyu ma kan ji wannan bugu saboda jinin jikinta ya ƙaru. Sau da yawa yana wucewa bayan haihuwa, amma dole ta faɗa a wurin awo, musamman in akwai ciwon kai ko kumburin fuska da hannu.

Ga dattawa, masu ciwon suga da masu shan taba, kitse kan taru a jijiyar wuya ya rage faɗinta. Wannan ba abin wasa ba ne, domin irin wannan toshewa ce ke jawo shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma wata lalura da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ke yin yawa ya matsa. Ta fi kama mata matasa masu ƙiba, tana zuwa da ciwon kai da dishi-dishin gani, kuma in aka yi sakaci tana iya taɓa ido har abada. Ƙwayar da ke gaban wuya, wadda ke kumbura ta zama maƙoƙo, in ta yi aiki fiye da kima tana sa zuciya gudu, da rama, da yawan gumi, da wannan ƙara. A wasu 'yan lokuta kaɗan kuma, wani ƙari ne mai jijiyoyin jini ke fitowa a bayan dodon kunne.

Wani lokacin jinin lafiyarsa ƙalau, kunnen ne ya toshe. Dattin kunne ya cushe, ko ruwa ya taru a bayan dodon kunne bayan mura. Da ƙarar waje ta ragu, sai ta cikin jiki ta fito fili. Toshe kunnenka da yatsa ka yi magana, za ka gane abin da ake nufi.

To, in bugun bai bi zuciya ba fa? Akwai wasu 'yan ƙananan tsokoki a cikin kunne da kan harba da kansu, kamar yadda fatar ido ke rawa. Su ne ke ba da "ɓat-ɓat" ko fiffikar da ke zuwa ta ɗauke. Galibi ba haɗari. In kuma hucin yana bin numfashinka ne, kuma kana jin muryarka na amsa-kuwwa, ƙila 'yar hanyar da ta haɗa kunne da bayan hanci ce ta tsaya a buɗe, abin da kan faru bayan mutum ya rame da sauri. Kada kuma a manta da ƙwaro: kyankyaso ko tururuwa kan shiga kunnen mai barci a ƙasa ko a rumfar kasuwa, kuma motsinsa ba ya ɓuya.

Ita kuwa ƙarar "ziii" da ba ta tsayawa, yawanci hayaniya ce ta gajiyar da kunne. Masu injin markaɗe, masu walda, 'yan acaɓa da mai kwana kusa da janareto su kula. Wasu magunguna ma suna kawo ta, irin su kunin na zazzaɓi, asfirin in an sha da yawa, da allurar jentamaisin.

Ga alamomin da ba a kwana da su a gida: ji ya ɗauke farat ɗaya, fuska ta karkace, hannu ko ƙafa sun mutu, magana ta sarƙe, ciwon kai mai tsanani, gani ya dushe, ko ƙarar ta fara bayan an bugu a kai a haɗarin babur, musamman in ido ya yi ja ya firfito. Ko da babu waɗannan, bugun da ke bin zuciya, a kunne ɗaya, wanda ya ƙi tafiya, yana buƙatar a duba shi.

Fara da asibiti mafi kusa a auna hawan jini da yawan jini, a haska kunnen. In da buƙata, za a tura ka ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai su a asibitin koyarwa na jami'ar Legas da ke Idi-Araba, da na jami'ar Ibadan, da sauran manyan asibitocin koyarwa na kudu. In Turanci ko Yarbanci zai ba ka wahala, tafi da wanda zai yi maka tafinta, kuma ka faɗi duk abin da kake sha, har da na gargajiya.

Kafin nan, kada ka ɗiga manja, ruwan albasa ko maganin da mai kemis ya miƙo maka ba tare da an duba kunnen ba, don in dodon kunne ya huje, abin zai ƙara lalacewa. Ka bar sosa kunne da tsinke, ashana ko gashin kaza. Rage gishiri da dunƙulen miya, kuma in goro da shayi mai kauri na sa zuciyarka gudu, ka sassauta. Awon hawan jini bai kai minti 5 ba. Allah Ya ba mu lafiya.