Yadda Za A Kafa Rumbun Takardu Na Kwamfuta Da Kuɗi Kaɗan

Hakimai da malamansu sun san irin ɓarnar da gara da gobara suke yi wa takardun gonaki da na gado. In takarda ɗaya ta salwanta, sai rigimar iyaka ta tashi. To, ga dabara mai araha.

A nemi tsohuwar kwamfuta mai lafiya, a ɗora mata manhajar OpenMediaVault, wadda kyauta ce. Sa'an nan a ƙara mata faifan ajiya guda 2 masu girma ɗaya, a shirya su yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya zai shiga ɗayan. In ɗaya ya mutu, ɗayan yana nan. A ja waya daga gare ta zuwa rautar ofis, kowane malami ya riƙa ajiye hoton takardunsa a ciki. Lalle a sa mata batir saboda ɗaukewar wuta, a kuma tsare ta daga ƙura.

Amma fa a lura, abin da malami ya goge bisa kuskure ya gogu a faifan duka biyu. Saboda haka kowace Juma'a a kwafe komai a wani faifai dabam, a kai shi gidan Hakimi a adana.