Shaidar Mai Saye a Birnin Zariya

Tun can asali, da shaidar baki maɗinkin riguna yake samun ciniki a Birnin Zariya: wanda ya ga aska takwas a jikin wani ran Salla sai ya tambayi mai aikin. Yau kuwa baƙo kan duba Google Maps kafin ya shigo Ƙofar Doka, watau inda masu saye ke rubuta yabo ko kuka. Amma sai mai asusun Google, wanda ya iya boko, ke rubutu a nan. Dattijon da ajami kaɗai ya sani, alhali shi ya fi sanin zare, ba shi da baki ke nan. Saƙon murya da WhatsApp ya kawo a 2013 ya sauƙaƙa masa, sai dai iyakarsa kunnen abokai. Baƙo ba ya ji.